Kada Ki Kawo Mini Shi Yaye

Tambuwal,
ranar Laraba.

Zuwa ga Ta Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da Malam Mu'azu da maigidana Sadiku. Allah ya sa wannan aikin koyarwa da kika samu a Kebbe ya zame miki alheri duniya da lahira, ya tsare miki hanya tafiya da dawowa, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali tsakanin gidana da naki ko babur ba a hawa. To, kin san ni, kin san kanki. In muka zauna ɗaki ɗaya, daga "ina kwana" sai "ya gida", sai ke ki dubi tabarma ni in dubi bango har a kira salla. Abin da ke bakina ya fi ƙarfin irin wannan zama, shi ya sa na ba ƙanwarki Asma'u ta kawo miki. Ki karanta ke kaɗai.

Shekaranjiya a waya kika ce mini, "Malama, ran Juma'a zan kawo miki yaron nan yaye. In na zauna daidai a makarantar sai in zo in ɗauke shi." Na ce miki to. Wannan to ɗin na zo in janye. Dalili kuwa, maganar da kika yi, har da yadda kika ja numfashi kafin ki ce "yaron nan", ni na fara yin ta, kuma a kanki na yi ta.

Kina da wata ashirin da wani abu aka tura ni asibitin Kebbe, ina sabuwar ungozoma, farin kayana ko wanki na biyu ba su sha ba. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana nan Tambuwal a ofishin ƙaramar hukuma, ba zai iya bi na ba. Na goya ki na kai ki Dogon Daji wurin Inna, kamar yadda kowace mace ke kai ɗanta yaye wurin uwarta. Inna ta karɓo miki rubutu, ta dama miki kunu, ta ce mini, "Ki tahi abinki. Kwana kaɗan ta mance da nono, ki taho ki ɗauki ɗiyakki." Na zame ta bayan rumbu kina wasa da ludayi, ba ki ga fitata ba.

Ki ji abin da ya same ni da na isa Kebbe, don shi ne tarkon. Na ɗauka zan yi ta kuka. Na yi kuka, amma bai daɗe ba. Abin da ya biyo baya sakewa ce. Na tashi da safe ba mai riƙe mini zani, na yi wanka ba mai buga ƙyaure, na isa wurin aiki kafin kowa, bayana wasai. Wallahi daɗi na ji, kuma ban gaya wa kowa ba sai yau. Da lokacin ɗaukarki ya yi na ce bari a gama zagayen rigakafi. Da aka gama na ce bari damina ta wuce, hanya ta ɓaci. Da kaka ta yi sai ga cikin Nasiru, na ce yaya zan yi da biyu. Ban taɓa zama na yanke shawara na ce na bar wa Inna ke ba. Kullum cikin zuwa ɗaukarki nake, har kika yi wayo.

Saboda haka ki ji tsoron ranar da za ki ce "in na zauna daidai". Mai aikin gwamnati ba ya zama daidai. Za a ce ki gama makin jarrabawa, za a ce masu duba makarantu na tafe, za a ce malamar lissafi ta haihu ki riƙe mata aji. Kowanne dalili ne mai kyau, ba wanda zai ce kin yi ƙarya. Yaro kuwa ba ya tsayawa jiran ki gama.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne ba wanda ya tsawata mini. Yabo ma na sha. Ke ce 'yar fari, kuma kin san al'adarmu: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In na je Dogon Daji na zauna nesa da ke, sai matan gidan su ce, "Kai, wagga akwai kunya! Ko kallon ɗiyar ba ta yi." Ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi. Sauran mata suna wannan kunyar a tsakar gida, amma in sun shiga ɗaki su rungume abinsu, su duba masa kai, su san wane haƙori ne ya fito. Ni ba ni da ɗakin da zan shiga da ke. Sai kunyar ta zame mini mayafi, na lulluɓe sakacina da ita, har ni kaina na yarda tarbiyya ce.

Akwai wata ƙaramar salla da na zo miki da takalmi ja mai igiya, na zaɓe shi da kaina a kasuwar Tambuwal. Inna ta jawo ki daga bayanta, don in kin gan ni can kike maƙalewa, ta kama ƙafarki tana turawa, ya ƙi shiga. Ko rabi bai kai ba. Ta dube ni ta ce, "Wanga ai na bara ne kinka sawo." Aka yi ta dariya, har da ni. A ranar ce kuma wata maƙwabciya ta ce miki, "Gaida Malamar asibiti mana." Kika durƙusa kika ce, "Malama ina wuni." Aka sake fashewa da dariya, aka ce yarinya ta iya alkunya tun tana ƙarama. Sunan ya zauna ke nan. Nasiru da Asma'u suna ce mini Umma, ke kina ce mini abin da masu zuwa awo ke ce mini.

Ban ce ki zubar da kunya ba. Kada ki kira sunansa gaban surukanki in ba ki so, ba wanda zai mutu. Ni kaina ga shi ina rubuta miki takarda, ba mai gani sai ke, na ɗora alƙalami zan rubuta sunanki na yanka a sama hannuna ya ƙi. Abin ya riga ya bi jikina. Amma ke da sauranki. Ki ja labule ki ɗora shi a cinya, ki yi masa wasa irin na marasa hankali, ki san girman ƙafarsa da hannunki. Kunya ta idon mutane ce, shi yaron bai san da ita ba, abin da ya sani kawai wa ke zuwa in ya yi kuka.

Kada ki ɗauka zan zagi aikin. Ba zan zage shi ba, na so shi so mai tsanani. Ban san abin da ya kai daɗin ka ga jariri ya fito shiru, jikinsa ya saki, ka murza bayansa ka murza, can ya tsala ihu ɗakin ya ɗauka da salati. An sha ɗauka ta a babur zuwa Fakku cikin taɓo, ina rungume da jakar kayan aiki, in dawo zanina ba ya moruwa, amma zuciyata fari ƙal. Har yau akwai 'yan mata a ƙauyukan nan masu sunana. Ina so ke ma ki sami wannan a ajinki, ranar da yarinyar da kowa ya ce daƙiƙiya ce za ta ɗaga hannu ta ba da amsa. In ba ki ji wannan daɗin ba, aikin wahala ce zalla.

Kuskurena shi ne na ɗauka in ba ni, asibitin zai rushe. Ban iya cewa a'a ba. Abokiyar aikina ta ce ɗanta ba lafiya, in riƙe mata. Wata ta ce za ta biki, in riƙe mata. Hutun shekara ya zo, shugabanmu ya ce, "Haba Malama, in kin tafi wa zai tsaya?" sai kaina ya kumbura in fasa. Su suna tafiya wurin 'ya'yansu ne, ni ina riƙe musu aiki, ina ganin na fi su. Bayan na yi ritaya na koma karɓar wata takarda, na tarar da wata yarinya a kujerata, mata sun yi layi, ana awo ana raha, komai na tafiya sumul. Ta ɗago ta ce, "Mama, jikar taki kika kawo?" Ba ta yi laifi ba, ba ta san ni ba ne.

To ki yi aikinki tsakani da Allah daga buɗewa zuwa tashi. In an tashi ki tashi. In hutu ya zo ki karɓa ba tare da kin ba kowa haƙuri ba. Wanda ya ce in ba ke makarantar ba za ta yi ba, ki gode masa ki ɗauki jakarki, domin haka ya gaya wa wadda kika gada.

Sai maganar ƙaro karatu, don na ji kina cewa kina son yin digiri. Lokacin da kika isa shiga firamare, ni da babanku mun gama magana za a dawo da ke, har ya sa an ɗinka miki kayan makaranta. A makon nan sunana ya fito cikin masu tafiya kwas Sakkwato. Babanku mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Ki ɗauko ta tukuna, ko da kwana nawa ne ta san nan ne gidansu." Na ce in na ɗauko ta wa zai riƙe ta, ai gara ta zauna inda ta saba, in na dawo gaba ɗaya sai a ɗauko ta. Ya ninke kayan ya adana. Kayan makarantar nan Asma'u ce ta sa su daga baya.

A ajinmu akwai wata 'yar Kebbe, Luba. Da goyo ta zo, ga wani tana ja. Kullum a makare, littafinta duk shatin kunu, in malami na bayani ita tana bakin taga tana jijjiga. Muna yi mata dariya a ɓoye. Ni na fito ta ɗaya, ita da ƙyar ta haye. Takardar da aka ba ni ita aka ba ta, kalarsu ɗaya. Yau in kin shiga gidan Luba ba ki samun wurin zama, 'ya'yanta na zaune a jikinta suna tsokanarta, wannan ya cire mata ɗankwali wancan ya ce ta tsufa. Tawa takardar tana cikin akwati, ban tuna rabon da in buɗe ta ba.

Ki yi karatun, ban hana ki ba, mace ba ta tsaya wuri ɗaya. Amma ki yarda ki zama ta tsakiya a aji. Ki yarda a ce wance ba ta cika zuwa da wuri ba. Kuma ki bar wa kanki wani abu da ba aiki ba ne. Ni ban bari ba. Na ce sai na huta zan koma Islamiyya, ga ni yanzu cikin sa'o'in Asma'u ina laluben baƙi da tabarau, abin da na haddace da safe kafin la'asar ya gudu. Ba ni da ƙawar zuwa hira, ban iya saƙa ba, ban iya zama ba. Allura kaɗai na iya, ita ma hannuna ya fara rawa.

Na taɓa gwada gyarawa, kin tuna. Kina aji biyar aka dawo da ni Tambuwal, na je na ɗauko ki. Ba ki yi gardama ba, ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Kin zauna a gidan nan kamar wadda ta zo jinya. Ki ci abinci kaɗan ki ce Allah ya saka, ki wanke kwanonki ki kife, ki koma zaure kina kallon hanya. Kika rame har babanku ya tsorata. Inna ta zo da kanta, ta dube ki ta dube ni ta ce, "Mi kika so da ita yanzu? Lokacin da taka nemanki ba ki nan. Ki bar mini abata." Na ji zafin maganar, na buɗe baki in ce ni na haife ta, sai na ga kin riga kin ɗaure kayanki a ɗankwali.

Ranar da Inna ta rasu kina 'yar shekara goma sha tara. An fita da ita, mata sun cika ɗaki, ina zaune kusa da ke har kafaɗarmu na gugar juna. Kika kifa kai a gwiwa kika ce, "Wayyo, yau na zama marainiya, ba ni da kowa." Wata gwaggonki ta zungure ki ta nuna ni da ido. Kika ɗago a firgice kika ce, "Yi haƙuri, Malama." Uwata ce aka fita da ita, amma ba kukanta na yi ba a ranar nan. A kan wannan ba ni da wata shawara da zan ba ki. Ban san abin da ake yi ba in an kai nan, na dai san ba a dawowa.

Da kika zo wankan gida bayan haihuwar Sadiku na ce a raina ga dama ta samu. Na dafa miki ruwa da kaina, na gasa miki jiki, na dama kunun kanwa, ban bar kowa ya taɓa cibiyarsa ba. Komai na yi shi daidai, don aikina ne. Ke kuma duk abin da na miƙo sai ki karɓa da hannu biyu ki ce an gode. Za ki ɗebi ruwa a randa sai kin tambaye ni. Asma'u kuwa ta shigo ta buɗe tukunyata ta cinye naman ta ce miyar ba gishiri. Na yi ta jira ko sau ɗaya ki yi mini tsawa, ko ki ce Malama na gaji ki karɓe shi. Har kika koma ɗakinki ba ki yi ba. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Mutum ba ya sakewa da wanda bai saba da shi ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa na ce to da sauri. Ina son yaron nan kamar in haɗiye shi. Gidan nan ya yi mini faɗi tun rasuwar babanku, Nasiru yana Sakkwato, Asma'u ta kusa tafiya nata gidan. Da kika ce za ki kawo shi, kafin magariba na aika an sawo masa 'yar katifa da kofi mai hannu. Na zauna ina lissafa yadda zan yi masa duk abin da ban yi miki ba. Zai kwana a bayana, zai koyi magana a bakina, in ya faɗi ni zai nema. Ina cikin wannan murna sai na tsaya na tambayi kaina. Idan ni zai nema, ke fa? Ashe shirin da nake yi shi ne in rama rashinki da ɗanki, in bar ki ki tsufa kina rubuta masa irin wannan takarda. Kuma na san kaina, in ya kwana bakwai a ɗakin nan ba zan iya mayar miki da shi ba. Za ki zo ɗauka in ce bari ya ƙara ƙwari, ke kuma ga aiki ya sha miki kai, ga kunyata, sai ki ce to.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce hanya ba lafiya yanzu, ba kamar zamaninmu ba, ana jin abubuwa a dajin can. Gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da za ta kwantar miki da hankali, ni ma nawa ba a kwance yake ba. Abin da zan ce kawai, ki zauna cikin gari, kada ki yi tafiyar yamma, ki rage zirga-zirga, Malam Mu'azu ya riƙa zuwa muku. In kuwa wurin ya kai a ce bai kamata yaro ya zauna ba, to uwarsa ma bai kamata ba, ki nemi canji ki dawo, ko me za a ce. Za ki ce wa zai riƙe shi in kina aji. Na kira Luba, gidanta ba nisa da makarantar, ta ce ki kai shi da safe ki ɗauka in an tashi, har tana cewa ta samu sabon miji. Yayen ma ki yi shi a can da kanki. Zai yi kuka, zai yaƙushe ki, za ki shiga aji idonki jawur. Mutane za su ce ba a taɓa yi ba, uwa ta yaye ɗan fari a ɗakinta ga kakarsa da rai. Ki ce ni na ƙi karɓa. Su zage ni, na sha yabonsu na ga abin da ya saya mini.

Ban yi miki alkawarin za ki ji daɗi ba. Za ki gaji, aikin zai ragu, karatun zai ja lokaci, wata rana ki zauna ki rasa wanda kika yi wa daidai tsakanin ɗalibanki da ɗanki da kanki. Ban ga macen da ta haɗa ukun nan cif ba, Luba ma ba ta haɗa ba. Kowa da abin da ya saki. Ina roƙonki ne kawai ki dubi abin da za ki saki da idonki a buɗe, kada ya zame miki daga hannu kina cewa gobe.

Gobe Alhamis zan bi motar safe zuwa Sakkwato wurin Nasiru, ba zan dawo ba sai kin tare a Kebbe. Asma'u za ta kwana gidan gwaggonku. In kin zo ran Juma'a kwaɗo za ki tarar a ƙofa. Na yi haka ne don na san in na gan shi a zaure yana miƙo mini hannu, duk abin da na rubuta a nan zai tashi a banza. In kin ji haushina ki ji, kina da dalilin da ya fi wannan. Na fi son ki tafi kina fushi da ni, shi yana bayanki.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku a tsarinsa dare da rana. Allah ya ba ki ɗalibai masu jin magana da shugabanni masu tausayi. Allah ya raya Sadiku a gabanki, ya sa ya girma yana yi miki rigima. Allah ya jiƙan Inna da babanku, ya yafe mini. Ki gaida Malam Mu'azu.

In za ku hau babur ki ƙara majanyi ki ɗaure shi sosai, hanyar akwai ramuka.

Wassalam,
Mahaifiyarki.